Birni a Kan Farce

Inna Hurera ta taɓa tambayata, tana tsintar shinkafa a faifai,
"Wai kai Mamuda, aikin me kake yi a can?"
Na ce, birni nake zanawa, Inna.
Ta ce, "Ya kai Zariya?"
Na ce ya fi ta ƙofofi,
amma duk girmansa bai rufe farcenki ba.
Ta yi dariya har tsakuwa ta koma cikin shinkafa.

Ban yi mata ƙarya ba.
Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Kuyambana, Tukur-Tukur,
yaro ma ya ƙirga su kafin shayi ya huce.
Nawa ƙofofin miliyan ne bisa miliyan,
kowace ba ta san komai ba sai buɗewa da rufewa,
babu mai gadi, babu sakata,
wuta ke sallama, wuta ke amsawa.
Kuma da yashi ake gina shi,
irin wanda tifa ke kwasa a gaɓar Kubanni,
sai dai an tace shi, an sake tacewa,
har ya manta ya taɓa kwana a ƙasa.

Ni ban manta ba.
A Tudun Wada na fara, rumfar Baba Tanimu,
inda rediyoyi ke kwance ciki a buɗe kamar masu jiran likita.
Ƙaurin dalma, ƙarfe a bakin gawayi,
tabon da ya bar mini a babban yatsa yana nan.
"Kada ka yi saurin zargin batir," in ji shi, "saurara tukuna.
Kowane shuu akwai magana a bayansa."
Da wannan na shiga Samaru, da shi na fito.
Sauran duk alli ne da allo.

Daga nan sai dogayen ƙarafan sabis.
Na hau na Kwangila, iska na neman raba ni da hula,
na hango dutsen Kufena durƙushe kamar raƙumi,
na karkata faranti, ko faɗin yatsa bai kai ba,
sai wata tsohuwa a Wusasa ta ji tarin ɗanta daga Fatakwal
ta ce masa ya sha citta.
Ba ta san sunana ba. Haka aikin yake so.

Sai ƙasar sanyi, shekara goma sha tara,
ɗakin da ƙwayar ƙura guda laifi ce,
farar riga har ka, likkafanin da ake tuɓewa da yamma.
Na taɓa kuskuren layi ɗaya,
siririn da gashi ya fi shi kauri sau dubu,
aikin mutum arba'in na wata tara ya tafi shara.
Daren nan ban ci tuwo ba. Dama babu tuwon.

Ranar da Baba Tanimu ya neme ni
ɗansa ne ya kara masa waya a kunne.
Wa ya sani, ko birnina ne a cikinta.
Ya ce, "Mamuda, ka ji ko..."
sai shuu.
Na kira sau goma sha huɗu.
Daga baya na ji dalili:
an sace man janareta a gindin ƙarfen unguwarsu,
jarka biyu.
Ƙofa miliyan dubu a buɗe, jarka biyu suka rufe su.
Kafin hantsi aka kai shi.

Yanzu na dawo, furfura ta cinye rabin kai.
Ranar Talata nakan je Samaru in tsaya gaban yara,
masu hanzari, sun fi ni lissafi nesa ba kusa ba.
Wata a layin baya, Sakina, ta ɗaga hannu:
me ya fi wuya a aikin nan?
Na so in ce zafi, ko kuɗi, ko kaɗaici.
Sai na ciro tsohuwar rediyon Baba daga jaka,
na murɗa ta tsakanin tasha da tasha,
na ajiye a kan tebur.

Aji ya yi tsit.
Su suna jiran bayani.
Ni ina jiran ƙarshen maganar.