Ranar da Aka Auna Ladidi

Ni tela ne, awo ne abincina.
Shekara ashirin da biyu a rumfa ɗaya cikin kasuwar Garwa,
na auna kafaɗar alhazai, na auna tumbin 'yan kwangila,
ban taɓa jin ana auna karatun yaro ba
sai da malamin Ladidi ya aiko kirana.

Ya buɗe mini littafinta.
Ja ko'ina, kamar an yanka kaza a kai.
Shekara biyu tana aji ɗaya,
b ta juya mata baya ta koma d,
layi na kuɓuce mata kamar zare daga kafar allura.
"Malam Gambo," ya ce, "yara tamanin ne a ajina,
na san malalaci tun daga tafiyarsa.
Wannan ta fi kowa gumi."

Na yi shiru.
Na tuna daren da na sa mata sandan awo a tafin hannu,
ba ta yi kuka ba,
ta ce, "Baba, wallahi motsi suke yi."

Rubutu ta sha, ƙwarya nawa.
Likitan ido ya ce idonta ya fi nasa.

Sai wata mata da ke zuwa daga Yawunde
sau ɗaya a wata uku.
Jaka goma sha biyar.
Na lissafa: ɗinkin babbar riga uku, har da aikin wuya.

Ranar Laraba muka hau babur.
Binuwai ya janye, yashi ya fito yana shan rana.
Ta riƙe rigata ta baya,
ta ce, "Allura za a yi mini?"

Daga kan benci, ta taga, nake leƙe.
Matar ta zube mata 'yan katakai, ta danna agogo.
Kafin ta gyara zama Ladidi ta haɗa siffar.
Ta ba ta labari da Faransanci,
yarinya ta mayar mata da shi har da abin da kare ya ce.
Sai aka miƙo takarda.
Na ga yatsanta ya tsaya ƙarƙashin kalmar farko,
leɓenta na rawa,
kamar keken ɗinki in ƙafa na takawa, zare ya ƙare.

Awa biyu. Aka kira ni.
Abin yana da suna, ashe: disleksi.
Kai lafiya, ido lafiya.
Harafi ne da sautinsa ba sa saurin gane juna.
Ba zazzaɓi ba ne, balle a sha magani ya tafi.
Hanya ake sakewa:
yatsa cikin yashi, karatu da babbar murya,
ƙarin lokaci ranar jarrabawa, ga takarda a kai wa lekol.

Sai ta dube ni ta saman tabarau.
"A gidanku akwai wani mai irin wannan?"

Littafin awona yana aljihu.
Babu suna ko ɗaya a cikinsa.
Kifi, na Sa'adu mai kifi ne.
Carbi, na liman.
Mota mai ƙafa uku, na direban Marwa da bai biya ni ba.
A aji uku na bar lekol, da sunan da suka raɗa mini,
sunan da har yau ban faɗa wa matata ba.

Na ce, "Akwai."

Da dare na yanko b daga ƙyallen shadda shuɗi,
d daga jar atamfa,
na ɗinka wa kowace maɓalli a ciki.
Ladidi ta rufe ido, ta shafa, ta ce, "b."
d ce.
Ta yi dariya, ta miƙo mini. "To kai faɗi."

Na daɗe ina shafawa.