Tumbin Akuya

Ni mahauci ne, ban yi lakwal ba.
Wuƙa na gada, da gungume, da masaɓa.
Shekara talatin a Kasuwar Dole
ina yankan tsoka, ina korar ƙuda,
ban taɓa zaton za a miƙo mini alli ba.

Madam Fanna ce ta jawo.
Ta zo sayen kayan ciki ran Alhamis,
ta tarar na farke tumbin wata akuya
ina zaro leda kamar mai jan guga:
baƙa, fara, ta ƙanƙara, ta omo,
sun murɗe sun zama dunƙule guda
ya fi kan jariri.
Ta manta da hanjin da ta biya.
Ta ce, Malam Ilu, kada ka yar,
wanke, ka shanya, ka kawo mini aji.

Ran Litinin na sa rigar Juma'a.
Yara saba'in da ɗoriya, gwiwa na gugar gwiwa.
Na dire shi kan tebur, ya ce tim.
Wani ya ce rogo ne. Wata ta ce ƙwallon tsumma.
Na ce, tuwon akuyar Garin Malam ke nan,
ta ci ta ƙoshi tana ramewa,
yunwa ta cinye ta da cikakken ciki.

Tsahara, can baya jikin bango,
ta ɗaga yatsa kamar mai tsoron ya karye:
Baba, tamu ma ta daina tuƙa.
Na duba silin. Na duba takalmina.

Madam ta juya ga allo.
Ledar ƙosai da safe, ta ruwa da hantsi,
ta gyaɗa a hanyar gida,
sau saba'in, sau kwanakin shekara.
Alli ya ƙare, lissafi bai ƙare ba.

Sai bakina ya buɗe.
Na ba su labarin kakata da kwandonta,
mai a kwalba, gishiri a ƙoƙo,
faifai guda ya aurar da ƴaƴa huɗu.
Ina cikin jin daɗin muryata
wani ɗan ƙiri-ƙiri, wai shi Mutari,
ya ce, to kai a me kake ƙunsa nama?

Aji ya fashe.
Leda biyu nake sa wa kowace tsoka
don kada jini ya ɓata wa mutum riga.
Mai wuƙa ne yau aka feɗe,
kuma ɗan shekara tara ya yi fiɗar.

Daga nan dunƙule ya shiga yawo.
Ya je Birni wajen matan adashi,
gindin dutsen nan mai inuwa da la'asar,
inda Inna Kubura ke tsaga leda siri-siri
tana tufka igiyar da ta fi ta kaba ƙarko.
Gwangwani ya tafi maƙera, ya dawo tukunya.
Ɓawon albasa da toka suka shiga rami,
bayan wata uku masu lambu suna ciniki.
Ni dai nawa riƙon dunƙule,
a taɓa, a yi tsaki, a miƙa gaba.

Ba zan ce gari ya wanku ba.
Har yanzu iska na rataya wa aduwa baƙaƙen tutoci,
lambatu na toshewa da ruwan farko.
Jiya ma na farke wata, na ƙirga bakwai.

Amma na kafa doka a rumfata:
wanda ya zo da kwano yana da gyara.
Maƙwabcina ya ce zan karye.
Wataƙila.

Ɗazu Tsahara ta zo da langa mai murfi,
ta sayi na dala ɗari.
Ban tambayi akuyarsu ba, ita ma ba ta faɗa ba.
Na yanko hanta, na ɗora mata a kai,
na rufe da hannuna.