Tawadar Allah

A Ingham, can arewacin Queensland,
inda rake ke fin mutum tsawo,
rana kuwa ba ta san sabo ba,
Ottavio Brescianini ya shekara arba'in da shida
yana noma, gadon bayansa a buɗe.
Kakansa ya zo daga Italiya da fatar ƙasar sanyi,
ya bar masa ita gado, haɗe da gonar.

Noelene ce ta gani,
tana shafa masa man zafi a kafaɗa.
Tawadar Allah ɗin nan da ta sani tun suna zance
ta fara malala, gefenta ya tsattsage,
baƙi a nan, ja-ja a can.
Ya ce cizon ƙwaro ne.
Ta ɗauko makullin mota.

A Townsville aka yanke ta.
Kauri: milimita biyu da 'yan kai.
Suna: melanoma, sankarar fata.
Likita ta ce: mutum biyu kan zo mana da kauri ɗaya,
wannan ya ga auren jikoki,
wancan bai kai yankan rake na baɗi ba,
ma'auninmu kuma ba ya faɗin wane ne wane.
Ana wani bincike a Brisbane, in ka yarda.
Ya sa hannu da biron da sai an girgiza yake rubutu.

Tsokar ta tafi kudu a daskare cikin kaki,
ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba,
ba suna, sai lamba ɗari biyu da sha bakwai.
Phuong Quach ta karɓe ta ranar Talata,
shayinta ya huce a kan taga.

Ba haruffan gado take nema ba.
Su huɗu ne, kowa da jerin nasa.
Abin da aka ɗora musu a ka take bi:
ɗan ƙulli, metil sunansa,
ya hau harafi ya zauna
kamar ɗauri a rubutun ajami.
Baƙin yana nan, ba wanda ya kankare shi,
wasalin ne ya tafi.

Akwai layin da aikinsa kenan
ya ce wa ƙwaya: tsaya, ya isa haka.
In ɗauri ya taru a bakin wannan layi,
mai gadi na nan zaune a ƙofa
amma an ɗinke masa leɓe,
ɓarna na shiga, yana kallo.

Mako uku, allon kwamfuta ya cika da ɗigo,
ja a inda aka ɗaure, shuɗi a inda aka sake.
Na ɗari biyu da sha bakwai ya faɗo tsakiya,
ya ɗan karkata wajen ja.
Ta daɗe tana dubansa.
Ta san wannan ba duba ba ne.
Hadari ne aka hango a gabas:
cikin goma irinsa wasu kan zubar,
wasu iska ta kwashe su,
kuma ba a gama ƙirga su ba tukuna.

Da aka gaya masa, hularsa na bisa gwiwa,
bai tambayi shekara nawa ba.
Ya ce: wannan ƙullin, ana kwance shi?
Likita ta ce: a faranti, wani lokaci.
A jikin mutum, muna koyo.
Ka riƙa zuwa duk wata uku.

Yanzu da riga mai dogon hannu yake shiga gona,
yana mitar zafi har maƙwabta na ji.
Ran Lahadi da yamma, bayan coci,
Noelene kan sa tabarau,
ta juya shi wajen haske,
ta bi bayansa da yatsa, layi-layi,
ta wuce tabon ɗinki,
tana motsa baki, ba ta cewa komai.