Kwabon da Na Yi wa Gardama

Ni ne na miƙe a zauren majalisar gunduma,
daren wata Talata, yau shekara sha ɗaya,
hula a hannu, murya tana rawa,
na ce: kwabo a kan kowace dala goma
don a sayi fili a bar wa ciyawa?
Ku ba mu kwalta, ku gyara gada,
ciyawa ba ta taɓa roƙon kowa ba.
Magatakarda ta rubuta: Orval Pettibone, bai yarda ba.
Aka ƙirga hannuwa. Na sha ƙasa.

Filin na Eusebio Archuleta ne,
eka ɗari huɗu, daga rafi zuwa gindin duwatsun Kolorado.
Masu gine-gine sun kawo masa takarda
mai sifili jere kamar ƙwai a faranti.
Ya ba su kofi, ya raka su bakin mota,
ya sayar wa gunduma a kan rabin kuɗin.
Na ce tsufa ya taɓa shi.
Na faɗa a shagon aski, na maimaita a gidan mai.

Bara likita ta buɗe ƙirjina,
ta ɗinke shi kamar bakin buhu,
ta ce: mil biyu kullum,
ko ka dawo mini a kwance.
A ina? Titinmu na manyan motoci ne.
Ashe rijiyar da na tofa wa yawu
ita zan zura wa guga.

Ran nan na tarar da ƙofar a garƙame,
ƙanƙara ta narke, hanya ta zama kunu.
Ga wata yarinya da shebur, Delfina Quintana,
rigar hukuma, taɓo har gwiwa.
Na ce da kuɗina aka sayi wurin nan.
Ta ce: shi ya sa nake tsaron maka shi.
Kai za ka kauce wa taɓo ta dama,
na bayanka ya kauce ta hagu,
kafin kaka hanyar ƙafa ta zama ta tirela.
Ka dawo jibi.
Na koma gida ina ƙunƙuni. Na dawo jibi.

Ita kaɗai ce ga mil talatin da bakwai.
Ita ke yasar kwalbati,
ita ke rufe gefen arewa wata huɗu
saboda gaggafa biyu sun yi sheƙa a tsauni,
ita ke shan zagin mai kare
da ya rantse nasa ba ya bin barewa.
Masu keke da masu doki suka kai ƙara majalisa,
aka kwana uku ana ce-ce-ku-ce,
aka raba musu ranaku kamar gado.
Har yau ba wanda ya gamsu.
Kowa kuma yana zuwa.

Ran Asabar muna zama mu tara, wani lokaci mu huɗu.
An hana ni ɗaukar dutse,
sai aka miƙa mini manjagara.
Ina jan tsakuwa, ina jin ɗinkin ƙirjina,
iska na kaɗa ciyawar da na raina
har inda ido ya gaji.

Eusebio ya rasu ban ba shi haƙuri ba.
Akwai turken shingensa guda da aka bari,
waya ta yi tsatsa a wuyansa.
Nan mil ɗaya yake cika.
Nan nake tsayawa in huta,
in dafa shi, ba na cewa komai.

Wa'adin kwabon zai ƙare a Nuwamba.
Jiya na koma zauren, kujerun ba su sake ba.
Na ce banɗakin da suka gina ya yi tsada,
kuma har gobe gadar nan tana nan yadda take.
Sannan na ce a ƙara wa Delfina mataimaki.
Magatakarda ta ɗago kai: kana goyon baya ke nan?
Na ce ki dai rubuta sunan daidai,
wancan karon kin ci mini harafi ɗaya.