Jan Biro

Ranar Talata na kawo masu waƙa daga ƙasar sanyi,
baiti goma sha huɗu a kan dusar ƙanƙara.
An ɗauke wuta tun safe.
Ƴan mata talatin suna fifita da kaye.

Barira ta ɗaga hannu:
"Madam, ke kin taɓa ganinta?"
Na ce a'a.
"To mu ce audugar rimi ce, mu wuce."

Harshe na huɗu ke nan muke ɗora masu.
Na gida, na allo, na lakkwal,
ga wannan da ake rubuta harafi a hana shi magana.

Alhamis da la'asar, ƙarƙashin bedi,
ƙungiyar masu rubutu ta zauna.
Habsu, wadda ba ta cewa uffan a aji,
ta miƙo rabin shafi da Ingilishi:
kakarta a Bagalam tana matsar gujiya,
mai yana bin tsakanin yatsunta.
A layi na uku ta rubuta tunkuza.

Na buɗe ƙamus, na rufe.
Ina riƙe da jan biro
har kabu-kabun yayanta ya yi oda a ƙofa.

Na bar mata kalmarta.