Bayit Ashirin da Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Fortaleza,
inda wayoyin ƙarƙashin teku ke fito da kai daga gishiri,
Iracilda Bezerra na gadin allo,
gahawarta ta huce tun ɗazu.

Tudu biyu take gani, kwari a tsakani.
Nan 'yan mitsi-mitsi, bayit sittin da huɗu,
ba su da zance sai "na ji, ƙaro."
Can ƙatti, dubu da ɗari biyar cif,
tumbi ya cika har wuya.
Matsakaita kuwa kamar an bi su da tsintsiya.

Sai ga kira daga asibitin Quixadá:
"Gaisuwa na tafiya, amsa na dawowa,
amma hoton ƙirjin wani tsoho
tun faɗuwar rana yake kan hanya."

Valdemir ya miƙe yana hamma:
"Buɗe ƙofar zuwa dubu tara mu huta."
Ko juyowa ba ta yi ba.
"Faɗin zaurenka," in ji ta,
"bai faɗaɗa lungun maƙwabta ba."

Ta shiga awo, kamar mai gwada zurfin rafi da kara.
Dubu da ɗari biyar: shiru.
Ta rage goma: shiru.
Ta rage, ta sake ragewa,
a ɗari huɗu da saba'in da shida
ƙunshin ya dawo da rai.

Ashe wani ya haƙa rami a tsakiyar hanya,
duk mai shiga sai an ɗora masa riga,
rigar nan bayit ashirin da huɗu ce.
Ƙato ya zo, goshinsa da tambarin "kada a raba ni,"
ƙofa ta ƙi shi, ya faɗi a bakinta.
Na'ura ta aika koke baya, "ya yi girma,"
katangar tsaro ta haɗiye koken
ta ci gaba da zama kamar ba ta ji ba.

Layi ɗaya ta rubuta.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Hoton ya taso gutsure-gutsure,
haƙarƙari na bin haƙarƙari,
kowane ƙunshi ya sunkuya ya wuce,
'yan ƙananan na biye: na ji, na ji, na ji.

"Ya iso," in ji likita. "Akwai ruwa a huhun hagu."
Ta kashe wayar ba sallama.

Iracilda ta kurɓi gahawar a sanyinta.
A waje masunta na tura kwale-kwale,
ba wanda ya san abin da ke gudu ƙarƙashin ƙafarsa.