Ɗakin Jirjis

In ka fita ta Ƙofar Guga
ka bar kwalta a hannun hagu,
akwai gandun da jikokin hakimi suka yanka fuloti-fuloti.
Tsamiya uku suka rage, da rijiya mai murfin ƙarfe,
da wani ɗaki da ba a samu mai taya shi ba.

Kakana Tunau ne ya gina shi.
Shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi, in ji shi,
wani Bakwara mai sikeli, Jirjis,
ya binne 'yarsa a ƙasar da ba tasa ba,
ya je gaban hakimi ya durƙusa:
"Ranka ya daɗe, taku goma sha biyu nake roƙo,
inda zan tsaya in kira Ubangiji kamar yadda uwata ta koya mini."
Hakimi ya daɗe yana jan carbi.
Can ya ce, "Baƙo raɓa ne. A auna masa sha biyar."

A bayan takardar awo Jirjis ya zana
abin da ya tuna na ƙauyensu:
farin dutse, jan rufi, matakala.
Tunau ya juya takardar sama da ƙasa.
"Dutse babu," ya ce, "ƙasa akwai."
Aka kwaɓa jar ƙasa da ƙafa,
tubali dubu shida suka sha rana,
jakuna suka jawo azara daga kudu.

Ranar jan igiya ya tambaya,
"Ina za ku duba in kun tsaya?"
"Gabas."
Kakana ya saki igiyar ya kalle shi.
"Ashe," ya ce. Bai ƙara ba.

Bakan gizo ya ɗaure, suka gamu a ƙoli,
tulluwa ta hau kansu kamar ƙwarya a kife.
A cibiyar rufin, inda mu muke manna tasa,
Jirjis ya hau tsani ya manna wata fuska
mai manyan idanu, ta dubo ƙasa.
Kafinta ya raba ɗakin da bangon katako mai ƙofa uku.
Taga ɗaya tak, tsukakkiya, a gabas,
da hantsi takan jefo haske kamar sanda.
Zanko kuwa Tunau ya kafe sai an yi,
wai soro ba zanko ai tunkiya ce.
Gicciye ne kawai ya ce hannunsa ba zai yi ba.
Jirjis bai ji zafi ba.
Guntun azara biyu ya ɗaure da kansa.

Ba a rataya ƙararrawa ba, don kunyar maƙwabta.
Wani falankin katako yake bugawa ranar Lahadi,
matan gandu su ce Bakwara ya fara daka.
Sau ɗaya a shekara limaminsu yake zuwa a gaban tirela,
gemu har ƙirji, baƙar riga,
ƙanshin lubban ya kwana uku a cikin tsamiya.

Sai gyaɗa ta faɗi.
'Ya'yan suka tafi Kano, daga Kano suka haye ruwa.
Jirjis ya kwanta kusa da 'yarsa.
Makullin ya zo hannun Tunau, ya bi ta hannun babana,
yanzu yana cikin aljihuna tare da na babur.

Jemagu ne ke taro a ciki.
Gara ta cinye ƙofa ɗaya cikin ukun.
Fuskar nan ta sama ta dushe, idanun ne kawai ba su gaji ba.

Kowace bazara, kafin hadari ya haɗo,
nakan hau in share indararo, in shafe tsaga da makuba.
Bana ɗana Sagir ne ya riƙe mini tsani.
Ya ce, "Baba, ai ba ɗakinmu ba ne."
Na ce, haka ne.
Na kamo hannunsa na aza a jikin bango,
inda sawun yatsun Tunau ya bushe, biyar cif.
Na ce, miƙo mini kwanon.